Kiɗan Mabugar Kwarbai

Ana sallame sallar asuba ranar Asabar muka bar Kano, ni da abokina, a 'yar tsohuwar motata wadda sai an lallaɓa ta take yarda ta tashi. Zariya muka nufa. Waɗanda suka daɗe suna bibiyata a nan sun san tsakanina da Zagezagi sai tsokana, to ga shi Allah ya haɗa ni abota da ɗaya daga cikinsu, har na zama direbansa na kyauta.

Abokin nawa haifaffen Kwarbai ne a cikin birnin Zariya, amma shekara goma ke nan yana Kano yana gyaran kwamfuta. In ya tashi daga aiki sai ya shige ɗaki ya hau haɗa kiɗa da na'ura. Abin da ya ɗauke mu shi ne wani bikin kiɗan zamani na yini ɗaya da matasan garin suka shirya a wani fili bayan ganuwa, ta wajen Ƙofar Kibo. Fage biyu aka yi. Akwai babban dandamali na masu tashe, inda dije-dije ke saka kiɗan da kowa ya haddace, wanda ake ji a gidan biki da shagon aski. Akwai kuma ƙaramar rumfa ta 'yan lungu, haka suke kiran kansu, masu haɗa nasu kiɗan a ɗaki, ba mawaƙi ba baiti, sai dukan na'ura yana maimaita kansa har mutum ya manta inda aka faro. Ni dai ɗan babban dandamali ne, ban taɓa ɓoye masa ba.

An ba shi minti ashirin a ƙaramar rumfar. Kiɗan da zai saka kuwa daga wurin sana'ar mahaifinsa ya samo shi. Tsohon mai bugu ne, wato masu shimfiɗa shadda ko babbar riga a kan gungume su yi ta dukanta da katako mai nauyi har ta kwanta ta yi sheƙi. Bara da abokina ya je gida, ya ajiye waya a gefe ya naɗi ƙarar bugun ba tare da tsohon ya sani ba, ya kwashe watanni yana sarrafa ta. Tsohon bai taɓa jin kiɗan ɗansa ba, bai kuma taɓa tambaya ba, tun ranar da yaron ya ajiye sana'ar gidan ya tafi. Shi ya sa muka yi sammako. Abokina ya ce ba zai saka hannun babansa a gaban jama'a ba sai ya jiyar da shi ya yarda. In kuma ya ƙi, zai goge kiɗan ya haƙura da harkar gaba ɗaya. Na san halinsa, ba ya faɗin abin da ba zai aikata ba.

Hanya dai alhamdu lillahi. Wani wuri sumul har mutum ya fara yabon gwamnati, kafin ya rufe baki an karkatar da shi zuwa hannun masu tahowa. Daga Kura zuwa Kadawa shinkafa ce kore shar hagu da dama, ga kwandunan tumatir jere a bakin titi. Man da na sha kafin mu fito ya sa na sanar da abokina cewa ba za a kunna iyakwandishan, na'urar sanyaya motar, ba saboda tattali. Ya tuna mini cewa rabon da ta yi aiki tun kafin in yi aure. A Kwanar Ɗangora muka tsaya shan shayi. Mai shayin ya yanka burodi siriri har ana hango titi ta cikinsa, na yi magana, ya ce in je in yi ƙarar masu fulawa. A Tashar Yari muka sayi rake, sanda ɗaya a kan kuɗin da a da ake ba mutum uku.

Muna cikin shan raken wayarsa ta yi ƙara. Ɗaya daga cikin masu shirya bikin ne. Wai wani dije na babban dandamali ya fasa zuwa, in abokina yana so a ba shi rabin awa a can, a gaban dubban mutane. Sharaɗin ɗaya ne, ya saka abin da ke tashe kawai, kada ya kawo musu kiɗan kafintoci. Abokina ya ce zai ba shi amsa kafin azahar. Ni kuwa daga nan har muka hango Zariya ban yi shiru ba. Na ce masa mutum ya samu inda za a gan shi, a ɗauki hotonsa, a kira shi bukukuwa, sai ya tsaya wahalar neman izinin tsoho a kan abin da mutum ashirin za su ji? Shi dai rakensa kawai yake sha yana tofar da ɓawo ta taga.

Ta Ƙofar Doka muka shiga birni. Na ajiye motar a ƙofar gidan wani ɗan'uwansu, saboda lungunan Kwarbai ba su san da zaman mota ba. Muka tari adaidaita sahu, direban ya gyara mini cewa a nan keke ake cewa. Inda keken ya gaza muka ƙarasa a ƙafa, tsakanin katangun ƙasa masu kauri da zauruka masu sanyi, ana jiyo karatu daga wannan, ƙarar keken ɗinki daga wancan. Tafiyar minti biyar ta ci mana rabin awa. Bazazzagi ba ya gaisuwa a tsaye, kuma ba ya gaisuwa sau ɗaya. Sai da aka tambaye ni lafiyar Kano, da kasuwa, da iyali, da wasu mutanen da ni kaina ban san ina da su ba.

A gida mahaifiyarsa ta tare mu da waina da miyar taushe. Na yi niyyar cin huɗu don kada a ce Bakano ya zo da yunwa, na tsaya a ta tara.

Mabugar, wato wurin da ake bugun, tana wani tsohon zaure kusa da gidan. Gungumen yana kwance a tsakiya, rabinsa binne a ƙasa, samansa ya yi santsi saboda shekaru. Mutum biyu ne ke zama suna fuskantar juna, kowa da ɗan bugunsa, wato katakon dukan, wannan ya sauke wancan ya ɗaga. Ranar tsohon shi kaɗai muka tarar yana ninke kaya, abokin aikinsa ya tafi suna ƙauye. Dogo ne siriri, amma damatsansa ba na mai furfura ba ne. Muka durƙusa muka gaishe shi, na miƙa gurasar da na kawo tsaraba. Ya juya ta ya duba, ya tambayi ɗansa ko kyauta ce ko kuwa sai an jima zan faɗi kuɗinta, tunda Bakano ne ya kawo. Nan take na ji tsohon ya kwanta mini a rai.

Abokina ya daɗe yana kewaye-kewaye kafin ya faɗi abin da ya kawo mu. Ya faɗi naɗin da ya yi a ɓoye, ya nemi gafara, ya faɗi bikin. Tsohon ya ajiye kayan da yake ninkewa. Da aka miƙa masa abin saurare na kunne, sai ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa, ya bari aka saƙala masa. Ni ina gefe ina kallon fuskarsa kamar ni na yi laifin. Na ɗauka zancen da za mu ji shi ne na kiɗa da mutuncin gida. Bai fi minti biyu ba ya zare abin daga kunnensa.

"Wannan hannuna ne, na gane shi," in ji shi. "Amma wa ya ce maka haka nake aiki?"

Ashe ga inda matsalar take. Masu bugu ba sa duka ba tsayawa. In sun yi wasu adadi sai su dakata, ɗaya ya ja shaddar gaba don sabon wuri ya hau gungumen, sannan a ci gaba. Wannan ɗan shirun yana zuwa a kai a kai, kuma ba kullum tsawonsa yake zama ɗaya ba. Shi kuwa kiɗan na'ura ya fi son komai ya tafi daidai wa daida, don haka abokina ya bi duk shirun ya yanke, ya haɗe dukan ya zama ɗaya tun daga farko har ƙarshe.

"Ka cire inda ake jan shadda," tsohon ya ce. "Duk mai bugun da ya ji wannan zai ce wuri ɗaya nake duka har in huda wa mutane kaya. Ba za a saka wannan a ce nawa ne ba."

Ya mayar da hularsa ya ci gaba da ninki. Na matsa kusa da abokina na raɗa masa cewa har yanzu azahar ba ta yi ba, ya kira mutumin babban dandamali. Ko kallona bai yi ba. Can ya ɗago ya ce, "Baba, in aka mayar da jan fa?" Tsohon ya ce to sai a ji.

Sai dai asalin naɗin ya tafi da tsohuwar wayar abokina, abin da ya rage yankakke ne. Dole a sake ɗauka, kuma bugu ba ya yiwuwa da hannu ɗaya. Abokina ya fara lissafin wanda za a kira daga wata mabugar. Tsohon ya ɗauko ɗan bugun abokin aikinsa, ya ajiye a ɗaya gefen gungumen, ya nuna wurin da haɓa.

"Zauna."

Ni aka ba riƙon na'urar naɗi, tare da gargaɗin kada in yi tari, kada in yi magana. Na biyun ya fi ba ni wuya. Aka shimfiɗa wata farar babbar riga ta wani Alhaji da ke zaune a dakali yana jira zai tafi ɗaurin aure. Abokina ya naɗe hannun riga ya ɗaga katakon da rabonsa da shi shekara goma. Dukan farko ya sauka tare da na babansa, katakan suka kusa karo. Tsohon ya ce ya jira nasa ya sauka tukuna. Aka sake. Ya yi sauri, aka ce ya rage. Ya manta jan rigar, aka tuna masa. Alhajin da ke dakali ya leƙo ya roƙi a tausaya wa rigarsa, ita kaɗai gare shi mai aiki. A karo na huɗu ne abin ya zauna. Wannan ya sauke, wancan ya sauke, zauren ya ɗauka har ina jin dukan a ƙirjina, sai shiru, ka ji sautin shadda tana zamewa a kan itace, sai su koma. Gaskiya tsigar jikina ta tashi. Da aka gama tafin hannun abokina ya yi bororo biyu, rigar kuwa tana ɗaukar ido.

Daga nan ya kira mai shirya bikin ya yi masa godiya, ya ce yana nan a ƙaramar rumfarsa. Ya buɗe kwamfuta a zauren ya duƙufa. Ni na ga zamana ba shi da amfani, na fita yawo. Na bi ta wajen masu ɗinkin hannu, inda mutum ke zaune da allura yana yi wa riga ɗaya aiki wata guda cur. Na taya wata hula, aka faɗi kuɗinta, na mayar da ita a hankali da hannu biyu. Na sha fura mai sanyi a bakin kasuwa, na yi azahar a wani masallacin unguwa. Da na dawo na tarar an sake jiyar da tsohon. Abin da ya ce kawai shi ne yanzu aiki ya yi kama da aiki, a je a saka. Da aka tambaye shi ko zai zo, ya ce shi da wurin rawa? Allah ya kiyaye.

Bayan la'asar muka isa filin. Babban dandamali ya amsa sunansa. Sifiku tsibi guda kowane gefe, janareta biyu, matasa cike maƙil, 'yan jami'a da 'yan birni da waɗanda suka zo daga ƙauyuka a kan babura. Da dije ya saki kiɗa, kafin ya kai ko'ina jama'a sun karɓe. Masu awara da masu zoɓo suna ta ciniki. Ba zan yi muku ƙarya ba, na shiga na taka, kuma na ji daɗi. Akwai daɗi a ce mutum dubu sun san abu ɗaya suna yinsa tare, duk wanda ya raina wannan bai gwada ba ne.

Ƙaramar rumfa tana can ƙarshen filin kusa da inda ake ajiye babura. Sifika biyu ce, ɗaya ma an ɗaure ta da igiya. Mutanen ciki ba su kai talatin ba, kuma kusan rabinsu masu jiran layinsu ne. Suna da nasu girman kan su ma. Na ji wani yana cewa mutanen can ba kiɗa suke ji ba, hayaniya suke bi. Na so in ba shi amsa, na tuna a rumfarsu nake. Amma na lura da wani abu, a nan in mutum yana saka nasa, sauran shiru suke yi suna saurare, in ya gama su zagaye shi da tambayar yadda ya yi kaza.

Da layin abokina ya zo, ya saki kiɗan. Dukan mabuga ya fito da nauyinsa, na'ura tana bin sa daga ƙasa. Matasa suka fara gyaɗa kai, wasu suka miƙe. Ana cikin haka shirun farko ya zo. Kiɗan babban dandamali ya kutso ta cikinsa, masu rawa suka yi cirko-cirko, wani ƙafarsa ɗaya a sama, duk suka juya suna duba ko wuta ce ta ɗauke. Dukan ya dawo. Shiru na biyu ma haka aka yi, har wasu suka yi dariya. Na ga gumi yana bin wuyan abokina, ni ma na fara jin kunya a madadinsa.

A nan ne na hango su. Tsohon ne da wasu dattawa biyu abokan sana'arsa, tsaye a gindin darbejiya nesa kaɗan da rumfar, hannuwa a baya, kamar hanya ce ta biyo da su. Da shiru na uku ya zo, ɗaya daga cikin dattawan bai san lokacin da ya miƙa hannu biyu ya ja iska zuwa gabansa ba, yadda ake jan shadda. Wata budurwa ta gan shi ta kwaikwaya. A shiru na gaba mutum biyar suka yi. Kafin minti goma duk rumfar ta gane, a taka a taka, in shiru ya zo kowa ya sunkuya ya ja, har jiran wurin ake yi. Ni ma na ja tawa shaddar, ban bari an bar ni a baya ba.

Kada in ƙara gishiri, babban dandamali bai ma san ana yi ba. Wasu sun leƙo daga can, suka tsaya kaɗan, suka ce wannan ai aikin kafinta ne suka koma. Waɗanda suka zauna har ƙarshe ba su wuce hamsin ba. Amma da kiɗan ya tsaya sun daɗe suna tafi.

Abokina ya ratsa su ya nufi gindin darbejiyar ya durƙusa. Na bi shi don kada a ba ni labari. Tsohon ya ɗan jima yana kallon rumfar.

"Shekara arba'in ina cikin ƙarar nan," ya ce, "ban taɓa komawa gefe na saurare ta ba sai yau. Ashe maƙwabta ba su cutu ba."

Sannan ya juya ga dattawan ya ce musu hannu na biyun da suka ji, mai ɗan gaggawar nan, na wannan ne. Ya ce yana sauri, amma zai gyaru. Suka juya suka tafi don kada magariba ta riske su a wurin rawa.

A Kwarbai muka kwana. Da safe aka cika mana but ɗin mota da gyaɗa da dankali, tsohon ya ce in gaida Kanawa in ce musu an yafe musu. Muka kamo hanya da hantsi, rana tana dukan gilashi, abokina yana gefe da tsumma ɗaure a tafin hannu.

Abin da na taho da shi daga tafiyar nan ba shi da yawa. Har gobe ni ɗan babban dandamali ne, in an saki abin da na sani zan taka. Amma na daina cewa 'yan lungu wahalar banza suke yi. A can babban fage ana ba mutane abin da suka riga suka sani ne, a ƙaramar rumfa kuwa mutum yakan zo da abin gidansu, ya tsaya a gani ko za a karɓa. Na kuma gane cewa shawarar da na yi ta ba abokina a mota, da ya bi ta, da an ɗauki hotonsa da kyau, amma da bai zauna a gaban gungumen nan ba.

Muka wuce Kura, Kano ta fara bayyana. Abokina yana kallon hannunsa ya ce, "Ka san tun ranar da na bar mabuga Baba bai ƙara ce mini na yi kuskure a komai ba? Ko me na yi sai ya ce to. Jiya sau huɗu ya gyara mini."

Na waiga na dube shi. Murmushi yake yi, idonsa ya cika da ƙwalla. Na mayar da idona kan titi, muka shiga gari.